Yarjejeniyar Munik ta 1938: Shin Ya Kamata Cekoslobakiya Ta Yi Yaƙi Ko Ta Miƙa Wuya?

Daga cikin tambayoyin da tarihin Turai ta Tsakiya ya bari ba tare da amsa guda ba, akwai wadda ta shafi hukuncin da gwamnatin Cekoslobakiya ta yanke da tsakar ranar 30 ga Satumba 1938, lokacin da ta amince da yarjejeniyar da shugabannin Jamus da Italiya da Birtaniya da Faransa suka sa wa hannu a birnin Munik cikin daren da ya gabata, wadda ta tilasta mata miƙa wa Jamus yankunan bakin iyakarta ba tare da rundunarta ta tsaya ta kare su ba. An daɗe ana tattauna laifin Neville Chamberlain na Birtaniya da Edouard Daladier na Faransa, waɗanda suka bi siyasar lallashi, wato ba wa mai barazana wani ɓangare na abin da yake nema da fatan zai haƙura da saura. Abin da ya fi raba kan masana, musamman a cikin al'ummar Cek kanta, shi ne matakin da wanda aka zalunta ya ɗauka: ko shugaba Edvard Benesh ya yi daidai da ya ajiye makamai domin ya ceci rayukan mutanensa, ko kuwa wajibi ne a kansa ya umarci sojojinsa su yi yaƙi ko da duniya duka ta juya musu baya. Kowane ɓangare na da hujjoji masu nauyi, kuma ba a fahimtarsu sai an san yadda aka kai ga wannan rana.

Yadda aka kai ga Munik

An kafa Cekoslobakiya ranar 28 ga Oktoba 1918 daga ɓaraguzan daular Ostiriya da Hangari, wadda ta wargaje a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma tun daga ranar farko ƙasa ce mai ƙabilu da yawa. Ƙidayar 1930 ta nuna mutane kimanin miliyan 14.7, waɗanda a cikinsu, ban da Cekawa da Sulobakawa, akwai Jamusawa fiye da miliyan 3 da 'yan Hangari kimanin 700,000 da wasu ƙananan al'ummomi. Jamusawan sun fi yawa a duwatsun da suka kewaye lardunan Bohemiya da Morabiya, yankin da aka riƙa kira Sudeten, inda masaƙu da masana'antun gilashi da ramukan kwal da dama suke, kuma inda daga baya ƙasar ta gina ganuwarta ta tsaro.

Benesh, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1918 zuwa 1935 kafin ya gaji Tomash Masaryk a kujerar shugabanci, ya ɗora tsaron ƙasar kamar tukunya a kan murhu mai duwatsu uku. Na farko shi ne Ƙaramin Ƙawance, wato yarjejeniyoyin 1920 da 1921 da Yugoslabiya da Romaniya, waɗanda manufarsu ita ce hana Hangari ƙwato yankunan da ta rasa bayan yaƙi. Na biyu shi ne ƙawance da Faransa, wanda aka ƙulla a Janairu 1924 aka kuma ƙarfafa a taron Locarno na Oktoba 1925 da alkawarin kai wa juna ɗauki idan Jamus ta kawo hari. Na uku shi ne yarjejeniyar Mayu 1935 da Tarayyar Sobiyet, wadda ke ɗauke da sharaɗin cewa Mosko ba za ta taimaka ba sai Faransa ta fara cika nata alkawari.

Karayar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930 ta fi yi wa yankin Sudeten illa, rashin aikin yi ya yi katutu, kuma a zaɓen Mayu 1935 jam'iyyar Konrad Henlein ta Jamusawan yankin ta sami ƙuri'u fiye da kowace jam'iyya a ƙasar. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a Maris 1938, Henlein ya gana da Adolf Hitila suka shirya cewa zai riƙa neman abin da gwamnatin Cekoslobakiya da ke Prag ba za ta iya bayarwa ba, ta yadda ba za a taɓa daidaitawa ba. Saboda haka ko da Benesh ya amince da kusan dukkan buƙatun jam'iyyar a farkon Satumba, sai ta nemi dalili ta fice daga tattaunawa. Ranar 15 ga wata Chamberlain ya tashi zuwa Berchtesgaden ya gana da Hitila, ranar 19 kuma Birtaniya da Faransa suka nemi Prag ta miƙa duk gundumar da Jamusawa suka wuce rabin mazaunanta. Da gwamnati ta ƙi, jakadun ƙasashen biyu suka je wa Benesh cikin tsakar daren 21 ga wata suka shaida masa cewa idan yaƙi ya tashi saboda wannan ƙiyawa, Faransa ba za ta shiga ba. Gwamnati ta sallama, jama'a suka cika titunan Prag da zanga-zanga, gwamnatin Milan Hodza ta faɗi, aka naɗa Janar Jan Syrovy firaminista. Da Hitila ya ƙara tsawwala buƙatunsa a ganawarsa ta biyu da Chamberlain a Godesberg, Cekoslobakiya ta yi shelar tara sojoji gaba ɗaya ranar 23 ga wata. Kwana shida bayan haka aka zauna a Munik, aka bar wakilan Cekoslobakiya biyu, Vojtech Mastny da Hubert Masarik, suna jira a otal har aka gama aka kira su aka karanta musu hukunci.

Batun ƙarfin soja: abin da masu ra'ayin yaƙi ke cewa

Hujjar farko ta masu ganin ya kamata a yi yaƙi ita ce Cekoslobakiya ba ƙasa ce marar ƙarfi ba. Shelar 23 ga Satumba ta tara mutum fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki, kuma sun amsa kira da ƙwazon da ya ba jami'ansu mamaki. Ƙasar tana cikin manyan masu ƙera makamai a duniya, da masana'antar Skoda a Pilsen da ta bindigogi a Brno, wadda daga ƙirarta ne sojojin Birtaniya suka samo bindigarsu mai sarrafa kanta da ake kira Bren. A bakin iyaka kuma an gina ƙananan sansanonin kankare kusan 10,000 da manya fiye da 200, a cikin duwatsu da dazuzzukan da ba sa yi wa tankokin yaƙi daɗin tafiya, ga kuma hazo da ruwan watan Oktoba da kan hana jiragen sama sakewa.

Suna ƙara da cewa rundunar Jamus ta 1938 ba ita ce ta 1940 ba, domin shekara uku kacal ke nan da Hitila ya maido da aikin soja na dole a Maris 1935, yawancin tankokinsa ƙanana ne masu siririn sulke, kuma manyan hafsoshinsa suna tsoron yaƙin. Babban hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Janar Ludwig Beck, ya ajiye aiki a watan Agusta saboda adawa da shirin, wasu jami'ai kuma, ciki har da Hans Oster da magajin Beck ɗin, Franz Halder, sun ƙulla shirin kifar da Hitila idan ya ba da umarnin hari. A shari'ar Nuremberg bayan yaƙi, babban hafsan Jamus Wilhelm Keitel ya ba da shaida cewa hafsoshin Jamus sun yi farin ciki da ba a gwabza ba, domin ba su ga suna da kayan fasa ganuwar ba. Abin da ya fi ciwo a wurin masu wannan ra'ayi shi ne makomar makaman da ba a yi amfani da su ba: a jawabinsa na 28 ga Afrilu 1939 Hitila da kansa ya lissafa ganimar da ya samu, wadda ta haɗa da jirage 1,582 da tankoki 469 da bindigogin hannu fiye da miliyan ɗaya, kuma tankokin ƙirar Cek na cikin waɗanda suka keta Faransa a 1940, har da na rundunar janar ɗin Jamus Erwin Rommel. A ganinsu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma rundunar da aka shafe shekara ashirin ana ginawa domin rana ɗaya ba ta da uzurin komawa bariki da ranar ta zo.

Martanin masu kare Benesh

Masu kare shugaban suna cewa duk wanda ya dubi taswira zai ga abin da lissafin bindigogi ke ɓoyewa. Ƙasar doguwa ce siririya, kusan kilomita 1,000 daga yamma zuwa gabas, kuma tun da Ostiriya ta faɗa hannun Jamus, ɓangarenta na yamma, inda babban birni da masana'antu suke, ya kasance a kewaye ta fuska uku. Tazarar da ke tsakanin iyakar arewa ta Silesiya da iyakar kudu ta Ostiriya a lardin Morabiya ba ta kai kilomita 200 ba, saboda haka rundunoni biyu da suka taso daga arewa da kudu suna iya haɗuwa su raba ƙasar gida biyu, kuma a kudancin ne ganuwar ta fi rauni domin ba a yi zaton hari daga can ba sai a makare. Manyan sansanonin ma da yawa ba a kai ga ɗora musu igwa ba, tun da an tsara aikin ya ɗauki wasu shekaru nan gaba. A sama kuwa Jamus ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma birnin Prag na kusa da filayen jiragenta.

Sannan akwai tsagewar cikin gida, wadda ita ce ke ba ƙadangare wurin shiga. Ganuwar tana tsakiyar garuruwan da yawancin mazaunansu ke goyon bayan maƙiyi, Jamusawan Sudeten da yawa ba su amsa kiran soja ba, wasu ma sun tsallaka iyaka sun shiga ƙungiyar 'yan sa-kai da Henlein ya kafa a Jamus. Mafi muhimmanci, shirin yaƙin da hafsoshin Cekoslobakiya suka tsara tun farko bai taɓa ɗaukar cewa za su yi nasara su kaɗai ba: an gina shi ne a kan ja da baya sannu a hankali zuwa duwatsun Sulobakiya har sojojin Faransa su afka wa Jamus daga yamma. Idan aka cire Faransa, shirin ya zama jinkirta shan kashi kawai. Game da shaidar Nuremberg, suna tunatar da cewa magana ce ta mutanen da ke kare kansu a gaban kotu, maƙarƙashiyar hafsoshin kuwa ba ta tashi ba a 1939 da Hitila ya kai hari Folan, don haka babu tabbacin za ta tashi a 1938.

Batun abokan ƙawance: masu ra'ayin yaƙi

Ɓangaren farko na amsawa da cewa kaɗaicin Cekoslobakiya bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma harsashin farko na iya sauya lissafin kowa. Bayan ganawar Godesberg iska ta juya a Landan da Paris: Faransa ta kira wani ɓangare na sojojinta na ko-ta-kwana ranar 24 ga Satumba, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta fitar da sanarwa ranar 26 cewa idan Jamus ta kai hari Faransa za ta taimaki ƙawarta kuma Birtaniya da Rasha za su mara mata baya, aka kuma sa rundunar ruwan Birtaniya cikin shiri. A majalisar ministocin Faransa akwai irin su Paul Reynaud da Georges Mandel da ke son a tsaya tsayin daka, a Birtaniya kuma akwai Winston Churchill da Duff Cooper, wanda ya yi murabus daga gwamnati saboda yarjejeniyar. Masu wannan ra'ayi na ganin cewa da bama-bamai sun fara sauka a kan Prag, da wuya wata gwamnatin Faransa ta iya naɗe hannu tsawon makonni, alhali ganuwar Jamus ta yamma ba ta kammalu ba kuma rundunonin da ke tsaronta ƙalilan ne.

A gabas kuma, ministan harkokin wajen Sobiyet Maxim Litvinov ya bayyana a Janeba ranar 21 ga wata cewa ƙasarsa za ta cika alkawarinta, ranar 23 kuma Mosko ta gargaɗi Folan cewa za ta soke yarjejeniyar rashin kai wa juna hari idan ta taɓa Cekoslobakiya. Shugaban Hangari Miklos Horthy ya ƙi ɗaukar wa Hitila alkawarin shiga yaƙin lokacin ziyararsa ta watan Agusta, saboda sojojinsa ba su shirya ba kuma yana tsoron Yugoslabiya da Romaniya. Hatta jama'ar Balin sun kalli faretin motocin soja na ranar 27 ga wata shiru ba tare da sowa ba, abin da ya nuna cewa ba su da ƙishirwar yaƙi.

Martanin masu kare Benesh

Ɗaya ɓangaren na cewa duk waɗannan alamu na kafin taron Munik ne, kuma sa hannun daren 29 ga wata ya share su. Daga wannan lokaci, ƙin amincewa na nufin bijire wa hukuncin manyan ƙasashe huɗu, biyu daga cikinsu abokai, kuma duniya za ta ɗauki Cekoslobakiya a matsayin wadda ta ta da yaƙi domin ta ci gaba da mulkin Jamusawan da ba sa son ta. Taron jama'ar da ya tarbi Chamberlain da Daladier da murna ya nuna inda zukata suke, majalisar wakilan Faransa kuma ta goyi bayan yarjejeniyar da ƙuri'a 535 a kan 75. Ɗaukin Sobiyet kuwa yana rataye ne a wuyan Faransa, ƙasashen biyu ba su haɗa iyaka ba, Folan ba za ta bar jan sojan Sobiyet su ratsa ta ba, kuma Stalin ya riga ya karkashe manyan hafsoshinsa, ciki har da Mikhail Tukhachevsky a Yuni 1937. Masanin tarihi Igor Lukes, wanda ya bincika takardun lokacin, ya kai ga cewa Mosko ba ta da niyyar shiga yaƙi ita kaɗai domin Prag. Benesh kuma na tsoron kada ƙasarsa ta zama kamar Sifen mai fama da yaƙin basasa, inda taimakon Sobiyet kaɗai ya sa Turai ta Yamma ta ɗauki gwamnatin jamhuriya a matsayin ta 'yan gurguzu ta bar ta ta mutu.

Suna kuma nuna cewa Benesh ya ga irin wannan da idonsa, domin shi ne shugaban babban zauren Majalisar Ƙasashen Duniya, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta yau, a 1935 lokacin da Italiya ta afka wa Habasha, kuma ya shaida yadda takunkumi da jawaban tausayi suka kasa ceton ƙasar Haile Selassie. Maƙwabta ma ba su ɓoye aniyarsu ba, tun da a yammacin 30 ga Satumba Folan ta ba Prag wa'adi a kan yankin Teschen ta kuma mamaye shi bayan kwana biyu, Hangari kuma ta karɓi kudancin Sulobakiya a hukuncin Biyena na 2 ga Nuwamba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce abin da ya sami Folan ɗin bayan shekara guda: Birtaniya da Faransa sun shelanta yaƙi ranar 3 ga Satumba 1939 amma ba su kai wani hari na a-zo-a-gani ba, sojojin Sobiyet kuma suka shigo ranar 17 a matsayin abokan rabon ganima. Idan haka aka yi wa ƙawar da aka yarda a yi yaƙi dominta, me za a yi wa wadda aka riga aka gaya mata ƙarara cewa ba za a zo ba?

Batun rayuka da mutunci

A nan muhawarar ta bar fagen lissafi ta shiga zuciya. Masu ra'ayin yaƙi na cewa sallamawar ba ta sayi komai ba sai wata biyar da rabi, domin ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Prag, kuma lamunin iyaka da aka yi wa ragowar ƙasar a Munik bai taɓa aiki ba. Waɗanda aka fara sadaukarwa su ne mafi amana: Jamusawa 'yan dimokuraɗiyya irin magoya bayan Wenzel Jaksch, waɗanda suka tsaya tare da jamhuriya, da Yahudawa da 'yan gudun hijirar da suka tsere wa Hitila. A bangon majami'ar Yahudawa ta Pinkas da ke Prag an rubuta sunayen Yahudawan Bohemiya da Morabiya fiye da 77,000 da aka hallaka, ƙauyen Lidice kuma an shafe shi a Yuni 1942. Masanin falsafa Jan Patocka ya zargi Benesh da karya ƙashin bayan al'ummar da ta shirya sadaukar da kanta, wasu kuma na ganin wannan karaya ce ta maimaitu a Fabrairu 1948 lokacin da 'yan gurguzu suka ƙwace mulki, da Agusta 1968 lokacin da tankokin ƙawancen Warso suka shigo ba tare da rundunar ƙasa ta tare su ba. Suna kafa misali da Finlan, wadda ta yaƙi Sobiyet daga Nuwamba 1939 zuwa Maris 1940, ta rasa yanki amma ta tsira da 'yancinta.

Masu kare shi na amsawa da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma mai riƙe da amanar mata da yara ba shi da ikon yin caca da rayukansu domin a yabe shi a littattafan tarihi. Folan ta yi yaƙi na makonni biyar, ta rasa 'yan ƙasa kusan miliyan 6 kafin 1945, babban birninta ya koma kufai, kuma duk da haka ta ƙare a ƙarƙashin ikon Mosko, abin da ke nuna cewa makomar 1948 ta fi alaƙa da inda jan soja suka tsaya a 1945 fiye da abin da aka yi a Munik. Asarar Cekoslobakiya ta tsaya a kan mutum kimanin 350,000, birnin Prag kuma yana nan tsaye da tsofaffin gine-ginensa. Finlan tana da dusar ƙanƙara da tafkuna da faɗin ƙasa, kuma ba a kewaye take ba. Benesh ya yi imani cewa babban yaƙin Turai na tafe ko ba daɗe, kuma ƙasarsa za ta farfaɗo idan ta shige shi a gefen masu nasara da mutanenta a raye, hasashen da ya tabbata lokacin da Birtaniya ta yi watsi da yarjejeniyar Munik a Agusta 1942 aka kuma maido da ƙasar a 1945.

Tace hujjojin

Idan aka auna maganganun biyu, abu na farko da ke fitowa shi ne cewa ba rana ɗaya suke magana a kai ba. Hujjojin masu ra'ayin yaƙi sun fi ƙarfi a kan kwanakin da ke tsakanin 21 da 28 ga Satumba, lokacin da Faransa ba ta riga ta sa hannu a kan komai ba, hujjojin masu kare Benesh kuwa sun fi ƙarfi a kan safiyar 30 ga wata. Wannan na mayar da tambayar baya zuwa ga sallamawar farko ta ranar 21, da kuma wani mataki da ba a san shi ba sai daga baya, wato aiken sirri da Benesh ya yi wa ministansa Jaromir Necas zuwa Paris a tsakiyar watan da tayin miƙa wani yanki na ƙasar, wanda ya nuna wa Faransawa cewa Prag na iya sassautawa tun kafin a matsa mata. Akwai kuma batun doka, domin tsarin mulkin 1920 ya tanadi cewa ba a sauya iyakar ƙasa sai da yardar majalisa, amma shugaba da gwamnati suka yanke hukuncin ba tare da kiranta ba. A waɗannan wurare masu suka suna da gaskiyar da ba a iya kawar da kai daga gare ta.

Abu na biyu shi ne cewa masana kaɗan ne ke da'awar Cekoslobakiya za ta ci nasara ita kaɗai, kuma saɓanin na gaskiya a kan tsawon turjiyar ne da abin da za ta jawo. Nan kuwa kowane ɓangare na jingina da abubuwan da ba wanda ya sani a ranar: Benesh ba shi da tabbacin maƙarƙashiyar hafsoshin Jamus, kamar yadda bai san abin da zai sami Warso, babban birnin Folan, ba. Kwatanta asarar Folan da ta Cekoslobakiya ma na da gyara, domin sauƙin da Cekawa suka samu ya zo ne daga buƙatar da Jamus ke da ita ga masana'antunsu, kuma makaman da aka ƙera a can sun kashe mutane a wasu ƙasashe, Yahudawan ƙasar kuwa ba su ga wani sauƙi ba. A ɗaya hannun, takardun Jamus sun tabbatar da cewa Hitila ya ba da umarnin shirin murƙushe ƙasar tun 30 ga Mayu 1938, ya kuma sabunta shi a kan ragowarta ranar 21 ga Oktoba, don haka batun haƙƙin Jamusawan Sudeten hanya ce kawai, kuma babu sassaucin da zai gamsar da shi.

Abu na uku, wanda ya fi sauran zurfi, shi ne cewa murhun da aka ce yana da duwatsu uku a zahiri dutse ɗaya gare shi. Ƙaramin Ƙawance bai shafi Jamus ba, yarjejeniyar Mosko na bin bayan Faransa, Faransa kuwa tun da ta bar Hitila ya maido da sojoji yankin Rhine a Maris 1936 ta koma siyasar tsare gida tana jiran abin da Landan za ta ce. Folan da Cekoslobakiya kowace ƙawar Faransa ce, amma rikicin Teschen na 1919 da 1920 da rashin jituwar Benesh da ministan harkokin wajen Folan Jozef Beck sun hana su zama ƙawayen juna, Hangari kuma an bar ta da ciwon yarjejeniyar Trianon ta 1920, wadda ta raba ta da yankunanta, ba tare da an nemi sulhu mai ɗorewa da ita ba. Ƙananan ƙasashen yankin sun shafe shekara ashirin kowace na tsoron maƙwabciyarta fiye da babban haɗarin da ke kansu duka, har Jamus ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da shaidu ke goyon baya shi ne cewa a safiyar 30 ga Satumba yaƙi na nufin shan kashi kusan babu makawa, kuma mafi girman alhaki na kan Hitila da ya yi barazanar da ƙawayen da suka saɓa alkawari, sa'an nan Benesh na da nasa kason a matakan da suka gabaci ranar da kuma yadda ya yanke hukunci ba tare da wakilan jama'a ba. Abin da shaidu ba za su iya warwarewa ba shi ne ko shan kashi da makami a hannu ya fi wa al'umma alheri a kan tsira da rai cikin ƙasƙanci, domin wannan ya danganta da nauyin da mai karatu ke ba rai da wanda yake ba mutunci. A Disamba 1973 Jamus ta Yamma da Cekoslobakiya suka sa hannu a yarjejeniyar Prag wadda ta ɗauki ta Munik a matsayin rusasshiya, shekara 35 bayan ƙulla ta, amma har yau Cekawa ba su daina tambayar juna ba ko ya kamata iyayensu su yi yaƙi.